Gargaɗi: Ƙwannafin Nan Da Kake Rainawa

Jama'ar Dambatta da Makoda da Kunchi, mutanen Bichi da Tsanyawa da Bagwai, na Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, ku tsaya ku saurara. Da ku nake.

Dare nawa ke nan ƙirjinka yana ci da wuta? Sau nawa a mako ruwan tsami ke taso maka har maƙogwaro bayan ka kwanta? Yaushe rabonka da barci har asuba ba ka tashi zaune kana gyatsa ba? Wata nawa? Shekara nawa? Ka ƙirga. Kada ka ce mini ai kowa ma yana yi. Kada ka ce olsarka ce ta motsa. Wa ya auna ka ya ce olsa ce? A wane asibiti? Ko kuwa mai kemis ne ya faɗa, kai kuma ka riƙe?

Ƙwannafi sau ɗaya bayan an cika ciki da naman layya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in yana zuwa sau 2 ko fiye a kowane mako, ya kuma jera makonni, to ya wuce na ƙoshi. Ya zama ciwo. Kuma ciwo ne mai ɓarna a ɓoye.

Ga abin da ke faruwa a cikinka. Tumbi yana fitar da ruwan tsami mai ƙarfi don narkar da abinci. Allah ya yi wa bangon tumbi kariya, yana iya jure wannan ruwa. Bututun da ke kai loma daga maƙogwaro zuwa tumbi ba shi da irin wannan kariya. A mahaɗarsu akwai zoben tsoka. Yana buɗewa loma ta wuce, ya sake tsukewa. In ya yi sako-sako, ruwan tsamin sai ya yo sama. Dubi jarkar da murfinta bai kama ba. Tana tsaye ba ka ganin komai. Cika ta ka kwantar, ka ga yadda ƙasa za ta jiƙe. Shi ya sa dare ne lokacin azabarka.

Duk tasowa ɗaya, ƙuna ɗaya ce. Yau ƙuna, gobe ƙuna. Bututun ya yi ja, ya saɓule, ya yi miki. Mikin ya warke ya bar tabo. Tabon ya tsuke hanya, loma ta fara tsayawa. A wasu mutane fatar wurin takan sauya kama gaba ɗaya, abin da likitoci ke kira da sunan Norman Barrett, likitan fiɗa na Landan da ya yi rubutu a kai a 1950. Daga cikin masu wannan, kaɗan ne ke kai wa ga ciwon daji. Gaskiya ne, kaɗan ne. To wa ya ba ka tabbacin ba ka cikin kaɗan ɗin, alhali ba a taɓa duba ka ba?

Kuma ba a ƙirji kaɗai yake tsayawa ba. Tarin nan na dare da ya ƙi jin kowane ruwan magani? Muryar da ke dushewa kowace safiya? Ɗacin baki, da haƙoran da ke zaizayewa ba tare da tsutsa ba? Asmar da ke tashi da tsakar dare? Duk ruwan tsamin nan na iya jawo su. Mai wa'azi da ladani da malamin makaranta, ku da muryarku ce jarinku, ku lura.

Yanzu ga alamun da ba a kwana da su. Ku karanta, ku karanta wa wanda bai iya ba.

Loma tana tsaya maka a ƙirji? Ku dubi tsofaffinku a bakin akushi. Bara Baba yana cin nama. Bana ya ce haƙori ne, ya daina. Sai ya koma yanka tuwo ƙanana, yana tsoma shi cikin miya har ya jiƙe, yana kora kowace loma da ruwa. Sai aka ga ya ture akushin, ya ce a dama masa kunu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tazugen wando ya ƙara tsawo. Mutanen gida na cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne! Mutumin da ya sauko daga nama zuwa tuwo, daga tuwo zuwa kunu, hanyar abincinsa tana toshewa. Ko tabo ne, ko wani abu ne ya tsiro. Kada ku jira sai ruwa ma ya ƙi wucewa. Ku kai shi a makon nan.

Bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin, mai danƙo, mai mugun wari? Jini ne. Jini ne ke zuba a ciki, ya narke kafin ya fito. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka yi aman jini, ko amai baƙi-baƙi mai gudaji? Kana jiri in ka miƙe, tafin hannunka da cikin idonka sun yi fari? Wannan ba na gobe ba ne. Na yanzu ne. A nemo mota. Kada a tsaya jiƙa saiwa. Kada a tsaya neman mai allura.

Ciwo ya soke ka farat ɗaya a ƙahon zuciya, ciki ya ƙame ya yi tauri, ko taɓawa ba ka so a yi? Gyambon ciki, wato olsa, na iya huda tumbi. In ya huda, yawanci fiɗa ce mafita, kuma kowace awa da ta wuce tana rage damar tashi.

Ga wadda ta fi yaudara. Ciwon zuciya yakan zo da kamannin ƙwannafi. Nauyi a ƙirji, kamar an danne ka. Ya miƙa zuwa kafaɗa, ko hannu, ko muƙamuƙi. Gumi ya keto. Numfashi ya yi sama-sama. Ya taso maka kana tsakiyar huɗa ko kana tura baro, ka tsaya ka huta ya lafa. Wannan ba tumbi ba ne. Kana da hawan jini? Kana da ciwon suga? Ka haura shekara 40? To kada ka sha ruwan farin magani ka ja bargo. Mutum nawa aka ce lafiya lau ya kwanta, ƙwannafi kawai ya yi kuka da shi?

Ke mai juna biyu, ƙwannafi abokin tsohon ciki ne, kin sani, na sani. Yakan tafi bayan haihuwa. Amma in ciki ya wuce wata 5, kika ji ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannu, ga ido yana ganin dishi-dishi, to ba ƙwannafi ba ne. Hawan jinin masu ciki ne, kuma jijjiga ce ke tafe. Maigida, kada ka ce sai ranar awo. Iya, kada ki ce haka kowace mace take yi. A auna jininta yau.

Sai rama ba dalili, da amai da ya ƙi tsayawa, da ƙoshi daga loma biyu. Sai kuma wanda ya ba shekara 50 baya, bai taɓa wannan ciwo ba, yanzu ya fara. Duk waɗannan na likita ne, ba na kemis ba.

To, mu zo kan abin da ya fi damuna. Haɗin gajiya.

Ku tsaya bakin kemis na kowane ƙauye bayan magariba, a tsakiyar damina. Ga mutum ya wuni duƙe da fartanya, ya yi noma ya yi maimai, ƙugu ya riƙe. Ya miƙa kuɗinsa ya ce, "Malam, a haɗa mini na gajiya." A ɓallo wannan, a ɓallo wancan, ja da fari da ruwan ɗorawa, huɗu ko biyar, a ƙulle a 'yar leda. Ba kwali, ba suna. Ya watsa su baki ɗaya, ya kora da ruwan leda. Wani ko abinci bai ci ba. Gobe ya dawo. Jibi ya dawo. Har girbi.

Me ke cikin ledar nan? Ka taɓa tambaya? Sau da yawa akwai Diclofenac. Akwai Ibuprofen. Akwai Piroxicam. Wani lokaci biyu daga cikinsu a leda ɗaya, alhali danginsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Wani lokaci a ƙara da Dexamethasone ko Prednisolone. Waɗannan magunguna na farko suna kashe ciwo, ba ƙarya. Amma suna rage kariyar nan ta bangon tumbi. Suna jawo gyambo. Suna sa gyambo ya yi jini. Suna taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya wuni a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba. In aka haɗa su da na biyun, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Hodar ciwon kai ta 'yar takarda, irin su Alabukun, ita ma asfirin ce a ciki, danginsu ɗaya da na farkon.

Ka ga abin takaici? Mutum ɗaya, a kemis ɗaya, a dare ɗaya, zai sayi na gajiya ya sayi na olsa. Ɗaya yana hura wuta, ɗaya yana yayyafa mata ruwa. Kuɗi biyu ya kashe, ciwo yana nan. Ba na zagin masu kemis. Da yawansu su ne ke tashi cikin dare in yaro ya yi zazzaɓi, inda asibiti ya yi nisa. Amma abin da ka nema shi za a ba ka. Ka daina nema.

In jiki ya yi tsami, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi. Ƙwaya 2 masu lamba 500 a lokaci guda, kada babba ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna. Kuma kada ka ƙara karɓar maganin da aka raba da kwalinsa. Ka ga sunansa da idonka. In ba ka karatun boko, ɗanka ya karanta maka. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramar asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya koma ya faɗa wa likitan halin da yake ciki.

Mata, ku ma akwai taku. Ƙwayoyin ƙiba da ake sha don a yi kumari a cika zane, da yawansu Dexamethasone ne. Ga shi an haɗa da na ciwon mara kowane wata. Ku bari.

Sai kanwa. Kowane gida da ita. Ƙwannafi ya taso, a jiƙa 'yar kanwa a kurɓa, a yi gyatsa mai ƙarfi, a ce alhamdu lillahi ya faɗa. Gaskiya ne tana kashe kaifin tsami nan take. Amma na minti nawa? Iskar da take tarawa tana kumbura tumbi, gyatsar kuma tana sake buɗe zoben nan. Sannan kanwa gishiri ce. Sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini, shi ne a cikinta jingim. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan. Amma babu likitan da zai ce wa mai hawan jini, ko mai ciwon ƙoda, ko mai kumburin ƙafa ya riƙa shan kanwa kullum. Ɗan abin da ake jefawa a miya daban. Mayar da ita magani kowane dare daban. Kana da hawan jini? Ajiye kanwar nan.

Madara da nono ma haka. Suna sanyaya ƙirji na ɗan lokaci. Can anjima tumbi ya ƙara zubo tsami don ya narkar da su. Wanda ke tashi ƙarfe 2 na dare ya sha madara ya koma ya kwanta, ya sake cika jarkar ne.

Ruwan jarka na masu lasifika fa, a kasuwar Dambatta ranar Lahadi da sauran kasuwanninmu? Kwalba ɗaya wai tana maganin olsa da basir da taifot da sanyi. Me aka zuba a ciki? Nawa ne ƙa'idar sha? Wa za ka kama in ƙodarka ta tsaya? Mai maganin ya naɗe tabarmarsa, mako mai zuwa yana wata kasuwar.

Abin da zai fi yi maka aiki ba sayensa ake yi ba. Fara da tuwon dare.

Mun saba. A dawo daga sallar isha'i, a ci tuwon dawa malmala biyu, a sha ruwa moɗa guda, a miƙe a tabarma. Wannan shi ne babban laifin. Tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya a sami awa 3. In isha'i ta yi maka dare, ci da magariba, ko kafin ta. Uwargida, a taimaka a ɗora tukunya da wuri. Na san ba abu ne mai sauƙi ba ga wadda ta wuni tana surfe da ɗiban ruwa. Amma awa ɗaya da aka matso da girki na iya mayar wa maigida da barcinsa. Kuma a rage malmala. Ci kaɗan sau 4 ya fi ci ɗaya na a-ƙoshi-a-kasa-tashi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu kada a cika tumbi, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu. Likita ma abin da zai gaya maka ke nan.

Ɗaga kan gadonka. Ba tara matasai ba. Matashi uku wuyanka kawai za su lanƙwasa, su kuma matse ciki. Sa bulo ko guntun katako a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu na wajen kai, ya tashi kamar santimita 15 zuwa 20, wato kusan taƙi guda. A ƙasa kake kwana? Tura buhun ƙaiƙayi ko naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin katifa, tun daga ƙugu har kai, jiki ya yi gangare. Yi shi yau. Ba ko sisi.

Wane gefe kake kwanciya? An gwada, an gani: kwanciya a gefen hagu tana rage tasowar tsami, ta dama tana ƙara shi, saboda yadda tumbi yake zaune. Na san abin da za ka ce, Sunna ta dama ce. Kwanta ta dama, yi addu'arka. In wuta ta taso, juya hagu. Lalura ce. In zuciyarka ba ta natsu ba, tambayi malaminka.

Duƙawa bayan cin abinci. An kawo maka fura ko dambu gona da hantsi. Ka ɗaga ƙwarya ka shanye, ka koma kan fartanya nan take, kai a ƙasa, ciki a matse. Me kake jira ya faru? Zauna a inuwa ko rabin awa ne. Ko ka sha rabi yanzu, rabi anjima. Masu roron wake da cirar gyaɗa, masu dashen tumatir da albasa a Watari da Tomas da Wasai, ku ma haka. Ke mai wanki da shara a duƙe, bari abinci ya faɗa tukuna. Sassauta tazuge. Sassauta ɗaurin zane. Mai teɓa ya rage ta, don kitsen ciki yana danna tumbi daga waje. Wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu.

Abinci kuwa, kada wani ya ɗora maka doguwar dokar da za ta bar ka da yunwa. Na sha ganin wanda aka hana wake, aka hana tsami, aka hana yaji, aka hana mai, har ya rame, ana cewa olsa ce ta cinye shi. Kowa da abin da ke tayar masa. Waɗanda aka fi kamawa su ne maiƙo da suya: ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli, tsire mai kitse, taliya da manja ya yi mata yawa. Sai attaruhu da barkono, da ɗanyar albasa, da miyar tumatir. Sai masu tsami, kunun tsamiya da koko da zoɓo da lemo. Sai lemon kwalba mai gas, da shayi mai kauri, da kofi. Ka lura da naka. Ajiye abu ɗaya na mako 2. Ka ga sauƙi? Ka kama ɓarawon. Ba ka gani ba? Ci abinka, gwada na gaba.

Goro fa? Abin da ke cikinsa mai hana barci yana sa tumbi ƙara tsami. Tsoho da goro sai Allah, na sani. To aƙalla kada a ci shi da yunwa, kada a ci shi da dare. Taba kuwa ba sassauci. Sigari, shisha, tabar gari ta leɓe, duk suna sassauta zoben nan, suna hana miki warkewa, suna kuma cikin manyan masu jawo ciwon daji na hanyar abinci. Daina. Ba ragewa ba. Daina.

Azumi na tafe kowace shekara, kuma kowace shekara sai an kwashi mutane. A sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai da ƙanƙara, a ɗora tuwo, ciki ya yi tam. Da sahur a cika shi, a yi sallar asuba, a koma barci. Sannan a ce azumi ne ya tayar da olsa. Buɗe baki da dabino da ruwa. Yi sallah. Ci kaɗan. Bayan tarawihi ka ƙara. Bayan sahur kada ka miƙe, jingina ka yi lazimi. Wanda ya taɓa aman jini, ko aka tabbatar masa da gyambo, ya ga likita tun cikin Sha'aban. Kada ya bari sai ya faɗi ranar 10 ga wata. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Yanzu magani. Yana aiki, in an sha shi daidai. Yawancinmu ba daidai muke sha ba.

Farin ruwan magani da ƙwayoyin taunawa, irin su Mist Mag da Gestid da Gaviscon, na kashe wutar da ta riga ta kama ne. Suna aiki cikin mintuna, su sake ka bayan awa ɗaya ko biyu. Ba sa warkar da miki. In kwalba ba ta yi maka mako, ciwonka ya fi ƙarfinta. Kuma ku kula: suna hana wasu magunguna shiga jiki. Ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki, Ciprofloxacin, Doxycycline, har da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Kada a haɗa su lokaci guda. A raba da aƙalla awa 2, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya.

Omeprazole daban yake. Shi rage fitar tsamin yake yi tun daga tushe. Ba a shan sa don wuta ta taso yanzu. Ana shan ƙwaya ɗaya da safe, ciki ba komai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Kullum, ba tsallake. Yakan ɗauki kwana 1 zuwa 4 kafin ya kama sosai. Mai azumi ya sha kafin sahur. Kada a tauna, kada a fasa kwanson. In da kanka ka saya, kada ka wuce kwana 14. Bai tafi ba? Ya tafi ya dawo? Asibiti. Likita na iya ɗora ka a kai mako 4 zuwa 8, wani ma fiye, amma da saninsa. Wanda ya shekara yana sha ba mai duba shi, yana iya samun ƙarancin wasu sinadarai a jini, da raunin ƙashi, da cutar hanji mai gudawa. Mafi muni, maganin na iya rufe alamun ciwo mai tsanani har lokaci ya ƙure. In kuma ka daɗe a kai, kada ka yanke rana ɗaya. Tsamin zai dawo da ƙarfi. A janye a hankali.

Allura ba ta fi ƙwaya ba. Ƙarin ruwa ba ya maganin ƙwannafi. Kada ka biya kuɗin buhun gero don a rataya maka leda a bayan shago.

Ku duba akwatunanku. Akwai Ranitidine, wanda aka fi sani da Zantac? A watan Afrilu na 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa, saboda an sami wani gurɓatacce a cikinsa da ake zargi da jawo ciwon daji, wanda kuma ke ƙaruwa in maganin ya daɗe a ajiye cikin zafi. Ƙasashe da dama sun yi haka. Ku tuna zafin shagunanmu a watan bazara. Kada ku sha tsohon da ya rage. Duk abin da za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wasu magungunan hawan jini, irin su Amlodipine da Nifedipine, kan ƙara ƙwannafi. Kada ka daina su! Shanyewar jiki ta fi ƙwannafi. Gaya wa likita ya duba ko zai sauya maka. Kowace ƙwaya kuma a sha ta da ruwa kofi guda, a zaune ko a tsaye. Kada a haɗiye ta a bushe a kwanta. Takan maƙale ta ƙona wurin.

Akwai kuma abin da kemis ba zai iya gano maka ba. Ƙwannafi daban, gyambon ciki daban, ko da yake sukan yi kama, sukan kuma haɗu a mutum ɗaya. Yawancin gyambo ba yunwa ke kawo shi ba, ba kuma yaji ba. Ko magungunan gajiyar nan ne, ko wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori. Likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu jawo ciwon daji na tumbi. Ana ɗaukar ta tun yarinta, inda ake cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa. Binciken da aka sha yi a Nijeriya ya nuna mafi yawan manya suna ɗauke da ita. Ba kowa take cutarwa ba. Amma wanda ta yi wa gyambo, ko zai sha farin magani tulu guda, gyambon zai dawo muddin tana nan.

Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi. Ana kashe ta da haɗin magani na likita, yawanci kwana 14, a sha har ƙarshe. Ka ji sauƙi a kwana na 5 ka ajiye? Ka bar masu taurin kai, kuma maganin na iya daina cin su. Kafin gwajin, faɗa wa likita abin da kake sha. Omeprazole na ɓoye ta, sai an dakata da shi mako 2 sakamakon zai fito daidai.

Ina za ka? Fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku. A auna hawan jini, a duba yawan jini. In akwai ko ɗaya daga cikin alamun can da ba a kwana da su, wuce babban asibitin Dambatta, ko na Bichi, ko na Gezawa, duk wanda ya fi kusa. In sun ce sai an leƙa ciki, kada ka tsorata. Siririn bututu ne mai fitila, ake zurawa ta baki, a ga wurin da ido. Mintuna ne, ba fiɗa ba ce. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga nan zuwa birni tafiyar safiya ce. Kuna kai hatsi Dawanau. Kuna zuwa Kwari sayen kayan aure. Wannan tafiyar ce ta gagara?

Na san amsar. Sai an gama maimai. Sai an yi girbi. Sai gyaɗa ta yi kuɗi. Sai bayan bikin yarinya. Bara ma haka ka ce. Kuɗin mota da na kati da na gwaji yau, akuya ɗaya za ta iya ɗauka. Ranar da aka kwashe ka cikin dare kana aman jini, ana neman leda 3 ta jini da kuɗin fiɗa, sai sa ya tafi, wataƙila har da jinginar da gona. Lissafa kuma abin da ka zuba a kemis cikin shekara 2.

Masu unguwanni da dagatai, limamai, ku faɗa a masallaci ranar Juma'a. Malaman Islamiyya, ku faɗa wa mata. 'Ya'yan da ke birni, ku bugo waya gida yau. Kada ku tsaya a "Baba, ya jiki?" Zai ce da sauƙi. Ku tambayi wadda ke zuba masa abinci. Yana cinye tuwonsa? Loma tana wucewa? Ya rame? Me yake sha da dare?

Kai kuma da za ka asibiti, tattara duk abin da kake sha, ƙwaya da ruwa da gari, har ledar haɗin da ƙullin kanwar. Zuba su a jaka ɗaya ka ajiye gaban likita. Kada ka ɓoye ko ɗaya. Gobe da sassafe, kafin layin kati ya yi tsawo.